Tsohon Babur Ɗin Ƙanƙara: Ina Ƙarfinsa Ya Tafi?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Daga Winnipeg muke magana, a lardin Manitoba na Kanada, inda hunturu ya riga ya kankama. Hirarmu ta yau kan babur ɗin ƙanƙara ce. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, a gaba ƙafafu biyu ne masu sulɓi maimakon taya, a baya kuma wata faffaɗar roba ce mai haƙora da ake kira tirak, ita ke tura shi a kan dusar ƙanƙara. Tare da ni akwai Malam Bala, bakanike, da kuma Nura. Malam, barka da zuwa.

Malam Bala: Barka kadai, Hajiya.

Hadiza: Nura, kai ka kawo maganar. Me ke hannunka?

Nura: Polaris Indy 500 ne, na shekarun 1990, mai injin Fuji, silinda biyu. Yana tashi lafiya, amma idan muka fita da abokai sai su bar ni a baya. Niyyata in sa masa sabuwar salansa irin ta masu tsere, an ce tana ƙara ƙarfi nan take.

Malam Bala: Kafin mu je kan salansa, yaushe rabon da a buɗe kulocinsa?

Nura: Tun da ya zo hannuna ba a taɓa shi ba.

Malam Bala: To ka gani. Injin nan bai fito daga Roseau a rago ba. Ƙarfin da kake nema, yawancinsa yana nan, a hanya yake zubewa kafin ya isa tirak.

Hadiza: Roseau ɗin nan ta Minnesota, ko?

Malam Bala: Ita fa, nan kusa da iyakarmu. Can aka kafa Polaris a 1954. Ski-Doo kuma na Bombardier ne, daga Valcourt a Kebek, ya fito a 1959. Arctic Cat na Thief River Falls. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa har yau kayan gyaransu ba sa wuya.

Hadiza: To yi mana bayanin kulocin, don ni dai na san na mota ne kawai.

Malam Bala: Wannan ba shi da giyar da za ki canza da hannu. Fayafai ne kashi biyu, ɗaya a jikin injin, ɗaya a baya, bel ya haɗa su. Idan kin danna totur, wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi a cikin na gaba sai su buɗe, su matse fayafan, bel ya hau sama. Na baya kuma ya saki, bel ya nutse ciki. Canjin giyar ke nan, a hankali, ba tsayawa. Aikinsa shi ne ya riƙe injin a daidai juyin da ya fi ƙarfi, wanda a irin na Nura ya kusa 8,000 a minti. Idan sifirin ya gaji, ko ƙarafan sun cinye, sai injin ya tsaya ƙasa da haka. Kana jin ƙara, amma ba gudu.

Nura: Bel ɗin fa? Nawa bai tsinke ba.

Malam Bala: Ba sai ya tsinke ba, Nura. Gefensa ke cinyewa. Idan ya sirance, babur zai tashi kamar a giya ta biyu, a sama kuma ba zai kai ƙarshen gudunsa ba. Ka duba fayafan, za ka ga baƙin dattin roba ya manne, wurin ya yi ƙyalli. Ka goge shi da soson ƙarfe mai laushi, ka share da asiton, wato ruwan sinadarin nan mai narkar da maiƙo. Sabon bel ka wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, ya bushe, sannan kilomitocin farko ka bi shi a hankali. Tsohon kuma kada ka yar, ka ajiye a jikin babur.

Nura: Wannan duk na yarda. Amma Malam, gyara ne kawai, ni ƙari nake so.

Malam Bala: Ka yi shi tukuna ka ji. Akwai kuma abin da ya kamata ya riga komai: awon matsin silinda. Idan ka samu wajen 120 a ma'aunin psi, kuma silindojin biyu ba su yi nisa da juna ba, injin na da rai. Idan ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, kuɗin salansar ka kai su wajen fistin da ringi.

Hadiza: Na ji ana cewa injinan nan suna ƙonewa farat ɗaya. Me ke jawo haka?

Malam Bala: Yawwa, Hajiya, nan ne maganar take. Injin ne irin na tsohuwar Vespa, mai ƙona fetur tare da baƙin mai. Fetur ɗin da ke shiga ba ƙonewa kaɗai yake yi ba, yana kuma sanyaya kan fistin. Iskar sanyi ta fi ta zafi kauri. Kafiretar da ke ba da fetur daidai a digiri 5 ƙasa da sifili, idan gari ya kai 30 ƙasa da sifili sai iska ta yi masa yawa, fetur ya yi kaɗan. Wuta ta yi zafi, fistin ya narke ta gefen salansa, ko ya ɓule a tsakiya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, daf da lokacin ne injin ya fi daɗin gudu.

Nura: Ai shi ya sa wasu ke rage girman jet, ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, su ce babur ya ƙara kuzari.

Malam Bala: Yana ƙarawa, ban musa ba. Amma a tsakiyar tafkin Winnipeg, da dare, injin ya mutu, wa zai ɗauko ka? Sanyin nan kisa yake yi. Ni dai gara jet ya fi girma da mataki ɗaya. Polaris na manna jadawali a cikin murfin injin, yana nuna lambar jet gwargwadon sanyi da tudun wuri. Ka bi shi. Sannan ka riƙa karanta fulogi: launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai jiƙe fetur ya yi yawa, fari ko toka-toka kuwa ka kashe injin nan take.

Hadiza: Ke nan ko ba a taɓa jet ba, abin na iya faruwa?

Malam Bala: Ƙwarai. Robar da ta haɗa kafireta da injin tana tsagewa idan ta tsufa, haka ma sil ɗin karanshaf. Iska ta sato hanya ta shiga. Ka lanƙwasa robar da yatsa a gaban fitila, za ka ga ƙananan tsagu. Ga kuma fetur mai etanol da ya kwana a kafireta tun bazara, ya daskare ya toshe ƙananan ramuka. Kafiretar Mikuni ɗin nan sauƙin kwancewa gare ta, yamma ɗaya ta isa. A duba wayar famfon baƙin mai ma, alamominsa su yi daidai.

Nura: To salansar fa, haram ce ke nan?

Malam Bala: Ba haram ba ce. Mai kyau tana ƙara ƙarfi, amma tana canza juyin da injin ke so, dole ka sake jet, ka sake sifirin da ƙarafan kuloci. Kuɗi uku ke nan, ba ɗaya ba. Wadda ƙara kaɗai take ƙarawa kuwa, manoman da suka bar hanya ta ratsa gonakinsu take ɓata wa rai, har su rufe hanyar.

Hadiza: Idan kuɗi sun ɗan rage bayan kuloci da kafireta, ina za a sa su?

Malam Bala: A ƙasan babur. A daidaita ɗaurin tirak, a canza robobin da yake sulɓi a kansu, da boris ɗin ƙananan tayoyi. Boris ɗaya da ya ƙafe yana cin gudu. Idan a kan daskararren tafki kake yawo, ƙusoshin tirak suna sa shi kama ƙasa, amma sai ka sa kariya a sama don kada su huda bututun sanyaya injin, ka kuma sabunta ƙarafan ƙasan ƙafafun gaba, in ba haka ba zai ƙi shan kwana.

Nura: To Asabar zan kawo shi gareji, mu fara da awon matsin.

Malam Bala: Ka zo da fulogi sababbi guda biyu. Allah ya kai mu.

Hadiza: Amin. Malam Bala, Nura, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.