Therma: Wanka a ruwan zafin bakin teku na tsibirin Kos

Akwai wani ɗan tafki zagaye da duwatsu mai suna Therma, a tsibirin Kos na ƙasar Girka, daf da gaɓar Turkiyya. Ruwan zafi ne ke ɓuɓɓugowa daga gindin tsauni, ya gangaro ya haɗu da ruwan teku. Yankin na aman wuta ne, shi ya sa ƙarƙashin ƙasa ke dafa ruwan.

Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari kada ya ɗauka iri ɗaya ne. Na Wikki digiri 31 ne, ɗumi mai daɗi. Na nan kuwa, a inda yake fitowa, ya haura digiri 40, wani lokaci ya doshi 50.

Daga birnin Kos kilomita 12 ne ko sama kaɗan, ta hanyar Psalidi da Agios Fokas. Mota a saman tudu take tsayawa, sai a gangara da ƙafa kamar minti 10 zuwa 15. Ba a biyan kuɗin shiga. Ku sa takalmin roba mai kama ƙafa, ku bar silifas, domin tsakuwar bakin ruwan baƙa ce, da rana ta take tana ƙona tafin ƙafa, duwatsun cikin ruwa kuma suna da santsi.

To, ga inda baƙi suka fi yin kuskure. Zafin tafkin ba ɗaya ba ne. Gefen tsauni ya fi ko'ina zafi, gefen teku kuma igiyar ruwa na ketare duwatsu tana surka shi. Saboda haka ku shiga ta gefen teku, ku zauna, ku bar jiki ya saba, sannan ku riƙa matsawa sannu a hankali. Ku riƙa gwada ruwan da hannu har ƙasa, domin ruwan zafi sama yake tasowa: sai ka ji kafaɗa na ƙuna alhali ƙafa na cikin sanyi. Ranar da teku ya kwanta lumui an fi jin zafin, tunda ba abin da ke surkawa.

Minti 15 zuwa 20 ya isa. Zafi na buɗe jijiyoyin jini, bugun zuciya ya ƙaru, in mutum ya miƙe zumbur sai jiri ya kwashe shi a kan dutse. Ku tashi a hankali, ku sha ruwa sosai. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon zuciya su fara jin ta bakin likita, ƙananan yara kuma kada su wuce gefen teku.

Warin baragurbin da za ku ji, farar wuta ce. Ita ce ke mayar da azurfa baƙa ƙirin, don haka a cire zobe da sarƙa tun a masauki, a sa tsofaffin kaya, domin warin kan daɗe a jikin tufa.

Kada ku yi shimfiɗa a gindin tsaunin. Awaki na yawo a sama, duwatsu kan rikito. Mai son ya yi wanka cikin sutura da natsuwa ya yi sammako, kafin jama'a su cika wurin. Kuma ku bar sauran ruwan sha a gora, hawan tudun komawa ya fi gangarowa wuya bayan jiki ya yi laushi.