Ƙuda a jikin silin: ma'anonin kalmar "on" ta Turanci

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku ɗaga kai ku dubi silin ɗin ɗakinku. In akwai ƙuda maƙale a wurin, ƙafafu a sama, baya na kallon ƙasa, Bature cewa zai yi: the fly is on the ceiling. To ina "a kan" a nan? Ƙudan nan ai a ƙarƙashin silin yake.

Tun muna firamare aka koya mana cewa on tana nufin "a kan", aka ba mu misali da littafi da tebur. Malam bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Mu "kan" ɗinmu daga "kai" ya fito, shi ya sa da mun ji on sai hankalinmu ya tafi sama. Shi kuwa Bature abin da ya dame shi taɓawa ce: wannan abu yana jingine ko manne da wancan? Hoto a jikin bango, on the wall. Zobe a yatsa, on your finger. Miya ta ɗiga a riga, a stain on your shirt. Sau da yawa inda Bahaushe ya ce "a jikin", on ce ke zaune a wurin. Har garin da ke bakin kogi ma haka ne. Lokoja is on the River Niger, ba wai tana yawo bisa ruwa kamar kwalekwale ba, gaɓar kogin take taɓawa.

Abin hawa ne inda aka fi yin tuntuɓe. Babur, keke, doki, jaki, duk on ne, don bisa kansu kake. Amma me ya sa ake cewa on the bus, on the train, on the plane, alhali a ciki mutum yake zaune? Dabarar da ta fi aiki ita ce: in abin hawan yana da daɓen da za ka miƙe tsaye ka taka, on. In sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, in: in the car, in a taxi. Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu yana on the train, amma da ya sauka ya tare tasi ya koma in. Tafiyar ƙasa kuwa on foot ce. Ku bar "by leg" ɗin nan, don Allah.

Lokaci ba shi da wahala. Rana ɗaya tak, on: on Friday, on 1 October 1960. Wata ko shekara, in: in October, in 1960. Ƙarfe kaza, at. Sai dai da zarar next, last ko this sun shigo, on ta kama gabanta: see you next Friday, ba "on next Friday" ba.

Akwai tagwaye biyu da ke rikita ɗalibai. On time shi ne daidai lokacin da aka sa, an ce ƙarfe 8, ka zo ƙarfe 8. In time kuwa ka iso kafin abu ya wuce ka, kamar wanda ya shiga masallaci liman na ruku'u ya samu raka'a.

Daga nan on ta bar wuri ta koma hali. On fire, yana cin wuta. On leave, yana hutu. On duty, yana bakin aiki. A 2022 malaman jami'o'in Najeriya sun yi wata takwas on strike, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan amfani daɗaɗɗe ne ƙwarai, har ya narke cikin wasu kalmomi: alive asalinta "on life" ce a tsohon Turanci, asleep kuma "on sleep", bakin mutane ya cinye on ta zama a. Ku ji alive, ku ji "a raye". Dacewa ce kawai, babu dangantaka, amma tana taimaka wa tuni.

Wani wurin kuma Hausa da Turanci sun yi daidai kamar an auna. Muna cewa nauyin yana kaina, su ma haka. In aboki ya ce it's on me a wurin mai shayi, mayar da kuɗinka aljihu, shi zai biya. Dogara ma on take ɗauka, depend on, rely on. Taya murna ita ma haka: congratulations on your wedding. "For" ɗin da muke rubutawa a Facebook, wanda shi ma on Facebook ake cewa, mai gyaran takardar jarrabawa zai ja mata jan biro.

Saura namu na gida. Ka je ofis a ce maka "Oga is not on seat". Kowa a Najeriya ya gane, kuma ni ban ga laifinta tsakaninmu ba, amma ɗan Ingila he is not at his desk ko he is not in zai ce. Haka "on the light" da "off the fan": a Turancin makaranta on ba aikatau ba ce, sai ta jingina da wani, switch on the light, turn off the fan. A gida ka ce wa ƙaninka ya yi on ɗin fanka, babu mai tuhumarka. A takardar WAEC ko wasiƙar neman aiki, ka sa switch ɗin.