Tsima naman biftek a gida: me ke shiga ciki, me ke tsayawa a baya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi biftek ɗin nan, wato yankan naman sa na gashi, guda biyu da ke kan faranti. Daga sa ɗaya suka fito, mahauci ɗaya ya yanka min su jiya da safe a kasuwa nan Garwa, a arewacin Kamaru. Na dama ya kwana cikin ruwan lemun tsami tsundum. Na hagu gishiri kawai na barbaɗa masa, na rufe, na sa a firji. Bari in tsaga kowanne gida biyu.

Kun ga na lemun? Bayansa ya yi fari fat kamar an tafasa shi, in na murza da yatsa har ɗan gari-gari yake yi. Amma ku dubi ciki. Farin bai wuce kaurin milimita 2 zuwa 3 ba, sauran kuwa yana nan yadda mahauci ya ba ni shi. Na gishirin bai canza kama sosai ba, sai dai jansa ya ƙara duhu, kuma in kun ɗanɗana tsakiyarsa bayan an gasa za ku ji gishirin ya kai can.

Dalili shi ne, kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne, kuma a cike take dam. Ƙamshin tafarnuwa da citta da masoro ba ya samun hanyar kutsawa can ciki, a baya yake tsayawa. Mai ma haka, tunda ba ya shiri da ruwa. Gishiri ne ke narkewa ya bi ruwan naman a hankali har tsakiya, ya sassauta tsokar yadda za ta riƙe ruwanta a kan wuta. Tsami kuwa dafa bayan naman yake yi ba tare da wuta ba. Kaɗan daga cikinsa yana tada ɗanɗano, in ya yi yawa ko ya daɗe sai bayan ya lalace, cikin kuma yana nan da taurinsa. Saboda haka uwargida, in biftek ɗinki na yin tauri, ƙara lemun tsami ba zai fisshe ki ba.

Taurin daga wani wuri yake zuwa. Shanunmu matafiya ne. Ko gudali na Adamawa, ko jajayen shanun Mbororo masu dogon ƙaho, dabba ce da ta yi shekaru tana takawa tsakanin makiyaya da mashaya. Tsokar da ta sha aiki tana da jijiya, amma ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Abu na biyu, mu naman yau muke saya. An yanka da asuba, ƙarfe tara yana kan tebur. To, sa'o'i kaɗan bayan yanka tsoka takan sandare, sai ta kwana biyu a sanyi kafin ta fara saki da kanta. A Turai sukan rataye naman sa a ɗakin sanyi mako ɗaya zuwa uku kafin a sayar. Mu ba mu da wannan, amma in firjinki na aiki, ki sayi naman Juma'a ki gasa Lahadi, za ki ji bambanci.

Sannan ki san abin da za ki nema. Ni in na je wurin mahaucina, dattijo ne, nakan ce, "Baba, na gadon baya za ka ba ni, file ko wanda ke kusa da shi." Shi kuma ya ce, "Hajiya, ai file sai wanda ya yi sammako, masu gidan abinci sun kwashe." Gaskiya ya faɗa. File tsoka ce da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya, ba ta aikin komai, shi ya sa take da laushi, kuma 'yar kaɗan ce a jikin sa guda. In babu, naman gadon baya ya yi, a yanka kaurin santimita 2. In cinya kika samu, a yanka ta siriri, santimita 1, a datse zaren tsokar a gicciye, ki ɗan bubbuga da taɓarya ko bayan wuƙa.

Yanzu haɗin. Wannan na kilo 1 ne. Gishiri giram 10, wato ƙaramin cokali biyu a shafe, ba a tule ba. In za ki sa dunƙulen Maggi ki rage gishirin, don shi ma rabinsa ko fiye gishiri ne. Man gyaɗa babban cokali 4. Ruwan lemun tsami babban cokali 2, ko ɗigo ba na ƙarawa. Tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta kamar babban yatsa, albasa ɗaya madaidaiciya, irin jar nan ta Marwa mai sa hawaye. Duk a turmi nake daka su, don na'urar markaɗe ruwa take mayar da albasa, ni kuma kauri nake so, wanda zai manne a jikin nama.

Ku ji ƙarar nan. Masoro ne da kanumfari 2 a busasshen kasko, minti ɗaya kawai, har ƙamshi ya tashi. In kina da farin masoron Penja, wanda ake nomawa can kudu a yankin Littoral, wanda aka yi wa rajistar kare sunan asalinsa a 2013, nan ne wurin sa shi. Kimba guda ɗaya, a fasa ta a zubar da 'ya'yan, don ɗaci ne da su, ɓawon ne mai ƙamshi. Sai mustad, kwaɓin nan rawaya mai ɗan yaji, babban cokali 1, wadda muke ce wa mutad a kanti. Ita ce ke haɗa mai da lemun su zama abu guda, ba don ita ba man sama zai taso. Ƙarshe zuma ƙaramin cokali 1, ta Ngaundere in an samu. Kar a zarce haka, zaƙi saurin ƙonewa gare shi.

Na san wata za ta tambaya, ina gwanda? Bari in ba ku labari. Wata Babbar Sallah muna da baƙi, na kankare ɗanyar gwanda rabi guda na cakuɗa da nama, na ce bari ya kwana ya yi laushi sosai. Washegari na ɗora a kan waya, ina juyawa yana zubewa cikin garwashi kamar fate. Surukata ta leƙo ta ce, "'Yata, dambu kike mana?" Ƙasa ta tsage in shige. Farin ruwan nan da ke fita a jikin ɗanyar gwanda yana da sinadarin da ake kira papain, mai narkar da furotin ɗin nama. Abarba ma tana da irin nata, ɗanyar citta ma haka, ko da yake nata bai kai ƙarfin na gwanda ba. Shi ya sa iyayenmu ke naɗe nama a ganyen gwanda. Yana aiki, har ya wuce gona da iri. In cinya ce mai tauri, babban cokali 1 na kankararriyar gwanda a kilo, minti 30, a goge. File kuwa ko kusa kar a kai mata.

In kina son naman ya kwana, ki cire lemun ki sa kindirmo rabin kofi. Tsamin nono mai sauƙi ne, ba ya cin bayan nama da garaje.

A me za a tsima? Ba a tukunyar alminiyam ba, tsami na cin ta, ya bar wa nama ƙarnin ƙarfe. Roba mai murfi, kwanon tangaran, ko leda mai kauri a matse iskar a ƙulle. Awa 2 zuwa 4 a firji ya wadatar. Kuma a firji na ce. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa 1 a waje ba, kayan ƙamshi ba sa hana shi lalacewa. In an ɗauke wuta, ki yanka siriri, ki tsima minti 30 a inuwa, ki ɗora. Tunda ƙamshin dama a baya yake tsayawa, ba ki yi asarar komai ba.

To, ga inda da yawa ke ɓata wahalarsu. An ciro nama yana ɗiga, an jefa a kasko, sai ka ji shuuu, ruwa ya taru, nama ya koma toka-toka. Wannan dafuwa ce, ba gashi ba. Ruwa ba ya wuce digiri 100, jan nan mai ƙamshi irin na soya, wato tsire, kuwa sai bayan nama ya kai wajen 140 yake fara fitowa sosai. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1912, amma masu soyarmu ba su jira shi ba. Ku duba, ina kankare haɗin da cokali, ina tsane naman da tsabtataccen ƙyalle. Kasko ya yi zafi har mai ya fara ƙyalli. In gawayi ne, a jira harshen wuta ya mutu, farin toka ya rufe garwashi. Yanka biyu kawai a lokaci guda. A ɗora, a ƙyale shi, minti 3 zuwa 4, a juya.

Mu nan ba ma son jan ciki, na sani. Sai dai jan ruwan nan ba jini ba ne, jini ya fita tun wurin yanka, ruwan tsoka ne da launinta. Duk da haka ni nakan bar shi ya nuna, don naman sa na iya ɗauke da ƙwayar tsutsar ciki, wuta ce ke kashe ta. Mai ma'aunin zafi ya tabbata tsakiya ta kai aƙalla digiri 63, in ana son ba ja ko kaɗan kuma 71.

A sauke, a bar shi ya huta minti 5 kafin wuƙa ta taɓa shi. Ragowar haɗin da ɗanyen nama ya zauna a ciki ba a zuba shi haka a kan gasasshe. Ga shi na juye a kaskon, da albasa da rabin kofin ruwa, zai tafasa sosai har ya yi kauri. Yanzu in yanka, a gicciye, kun ga zaren ya gajarce. Ga burodi, ga yaji, ga soyayyen dankali. Gefen nan da ya ɗan kama wuta kuwa kar wanda ya taɓa, nawa ne.