Bindiga na nan, harsashi ya yi ɓatan dabo: wahalar mafarautan barewa a Amurka

Jama'a, assalamu alaikum. A jihar Michigan ta Amurka, ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga duk shekara. A Wisconsin kuwa kwana tara kacal ake yi, sai a rufe. Idan lokacin ya gabato, shagunan kayan farauta sai su cika maƙil. Wani zai nemi harsashin .30-06 a miƙo masa nan take. Na bayansa ya ce .300 Savage yake so, mai shago ya girgiza kai ya ce rabonsa da shi tun bara. Me ke jawo haka?

Mu fara da ita bindigar. Ba kamar adaka ba ce, wadda maharbi ke ɗura wa albarushi da hannunsa. Bindigar zamani, ramin da harsashi ke zama a cikinta an auna shi daidai da iri ɗaya tak, kuma sunan irin na nan a rubuce a jikin ƙarfen. Nau'o'in suna da yawa ƙwarai, amma kaɗan ne suka kama kasuwa: .30-06 na 1906, .270 Winchester na 1925, .308 Winchester na 1952, da tsoho .30-30 wanda tun 1895 ake harbin barewa da shi. Sai yaron baya-bayan nan, 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007.

Matsalar tana wajen masu bindigar gado. Mutum ya gaji Savage 99 daga kakansa, tana cin .300 Savage, ko Marlin 336 mai cin .35 Remington, ko wata mai .257 Roberts. Lafiyarsu ƙalau, suna kayar da barewa kamar yadda suka saba. Masu su ne dai suka ragu.

Kamfani kuwa lissafi yake yi. Injin da ke buga kwanson tagulla, ya zuba albarushi, ya ɗora kan harsashi, an saita shi ne a kan awo ɗaya. Kafin a juya shi zuwa wani awon sai an tsayar da aiki, an sauya kayan buga, an gwada. Duk sa'ar da injin ya tsaya, asara ce. Don haka ire-iren da ba su da masu saye da yawa, akan ware musu lokaci ne, sau da yawa sau ɗaya a shekara, a buga a raba wa dillalai. In ya ƙare, sai kuma wani zagayen.

A 2020 abin ya ta'azzara. Ga annobar korona, ga zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, ga zaɓen shugaban ƙasa. Ƙungiyar masu sana'ar bindiga ta NSSF ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 suka sayi bindiga a karon farko a shekarar. Ana cikin haka kamfanin Remington ya karye, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta kusa tsayawa, har sai da Vista Outdoor, wanda a lokacin shi ke da kamfanonin harsashi na Federal da CCI, ya saye ta. Ɗan abin nan na gindin kwanso da ke tada wuta shi ma ya yi wuya, har masu cika harsashi a gida suka rasa. A Agustan 2021 kuma gwamnatin Amurka ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha. Kamfanoni suka zuba ƙarfinsu kan 9mm da .223, masu fita kamar ruwa. Mai .35 Remington sai ya koma ƙarshen layi.

To, ina mafita? A ganina babban kuskure shi ne jiran watan farauta. Gogaggun mafarauta tun bazara suke zuba ido, domin a lokacin ne sabon bugu ya fi shigowa shaguna. In suka samu, ba sa tsayawa a akwati ɗaya mai harsashi ashirin, sukan ɗauki na shekara biyu ko uku. Maharbin barewa ai ba ya ƙona harsashi da yawa.

Sannan manyan kantuna ba su ne wurin nema ba. Ƙananan shagunan ƙauye, inda kaya kan daɗe a kan kanta, nan ake dacewa, kuma mai shagon da ya san ka zai iya sa sunanka a odar dillali. Akwai shafukan intanet irin su AmmoSeek da ke tattaro farashin 'yan kasuwa wuri guda, sai dai kuɗin aikawa kan cinye rahusar. Doka ma ta bambanta: a Kalifoniya ba a kawo maka harsashi gida, sai ta hannun dillali mai lasisi bayan an binciki tarihinka. Kuma tun 1 ga Yulin 2019 jihar ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, don haka mai tsohuwar bindiga a can sai ya nemo na jan ƙarfe, wanda ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba.

Ga inda ganganci ke shigowa. Sunaye suna kama da juna, amma .300 Savage daban, .300 Winchester Magnum daban. 7mm-08 daban, 7mm Remington Magnum daban. Wani harsashin zai shiga ramin da ba nasa ba, a rufe lafiya, amma da an ja kunama kwanso ya tsage ko bindigar ta fashe a fuskar mai ita. A duba rubutun gindin kwanso, a duba na jikin bindiga, sai sun zo ɗaya. Tsohon akwatin da aka saya a baje-kolin bindigogi ma a buɗe shi, in kwanson ya yi kore-kore ko ya tsage a wuya, a bar shi.

Ko da irin ya yi daidai, in kamfani ya sauya ko nauyin kan harsashin ya bambanta, wurin da zai sauka a yadi ɗari zai iya gocewa. Kafin ranar buɗe daji, sai an je filin gwaji an ƙona uku ko huɗu daga cikin ashirin ɗin da aka sha wuya kafin a samu, a sake saita madubin hangen da ke kan bindigar.