Daga Tandar Masa a Tamil Nadu Zuwa Layin Pani Puri a Mumbai

Jama'a, ku dubi wannan tanda da kyau. An ɗiga mai a ramukanta, an zuba ƙullu, ga matar tana juya su ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Da ban faɗa muku inda muke ba, sai ku rantse masa ake toyawa a wani lungu na Bauchi. To nan jihar Tamil Nadu ce a kudancin Indiya, sunan abin kuwa paniyaram. Shinkafa ce da wani ƙaramin baƙin wake da suke kira urad, a jiƙa, a markaɗa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi.

Irin wannan ƙullu shi ne jarin mutanen kudu. In aka turara shi, ya zama idli, fari tas, mai laushi kamar auduga. In aka shafa shi siriri a kan faffaɗan kasko har ya yi ƙamas-ƙamas, ya zama dosa, wato ɗan uwan sinasir, sai dai ya fi shi faɗi da rashin kauri. Mahaɗinsu sambar, miyar wake mai tsamiya. Abin da zai ba Bahaushe mamaki a miyar shi ne zogale: mu ganyen muke kwaɗantawa, su kuwa dogayen 'ya'yan suke yankawa a ciki, a tsotse tsokar a yar da ɓawon. Suna ma da ƙosansu, medu vada, mai huda a tsakiya.

Me ya sa shinkafa ta yi kaka-gida a nan? Ruwa ne. Inda damina ke da ƙarfi, kamar Kerala da Bengal, shinkafa ce abincin gida. Ka hau arewa, Punjab da Haryana da Uttar Pradesh, sai alkama ta karɓe ragama, kullum roti ake gasawa a ci da miyar wake da suke kira dal. Can yamma inda ƙasa ta bushe, a Rajasthan, gero ne abincin ƙauye, a karkarar Maharashtra kuma dawa. Su ba tuwo suke tuƙawa ba, waina suke daɓawa da hannu su gasa, su shafe ta da man shanu. Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman gero, ita ce ma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

A Bihar akwai litti: curin alkama da aka cusa wa garin soyayyen wake da yaji, a gasa a garwashin busasshen kashin shanu, a tsoma a man shanu, a ci da dakakken gasasshen yalo da tumatir. Kada ku yamutsa fuska, hayaƙin nan shi ne sirrin ƙanshin.

Yanzu mu shiga Mumbai, inda kowa sauri yake. Sarkin titi a nan vada pav ne. A dafa dankalin Turawa, a murƙushe shi da tafarnuwa da ɗanyen barkono, a cura, a tsoma a ƙullun garin wake, a soya, a tura shi cikin ɗan burodi. Galibi ana danganta farkonsa da Ashok Vaidya, wanda ya kafa teburinsa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dadar a 1966, inda ma'aikatan masaƙu ke tururuwa safe da yamma. Abinci ne na mai hannu ɗaya riƙe da ƙarfen jirgi. Abin dariyar, kusan duk kayan haɗinsa daga ƙetare suka zo. Kalmar pav daga harshen Fotugal ta fito, ma'anarta burodi. Barkono da dankali kuwa asalinsu nahiyar Amurka, sai bayan da jiragen ruwan Vasco da Gama, ɗan ƙasar Fotugal, suka iso garin Calicut da ke gaɓar tekun Kerala a 1498 hanyarsu ta zuwa Indiya ta buɗe. Wato yajin nan da ake yi wa Indiyawa kirari da shi, kakanninsu na can baya masoro suka sani.

Ni dai in za a bar ni in zaɓa, pani puri zan tsaya wa. A Delhi golgappa ake ce masa, a Kolkata phuchka, kuma kowane gari na ganin nasa ne na gaskiya. Ƙwallo ne na soyayyen gari, cikinsa fanko. Mai sayarwa ya huda shi da babban yatsa, ya cusa dankali ko wake, ya tsoma shi a ruwan tsamiya da na'a-na'a mai yaji, ya ajiye maka a ɗan kwano. Ba a gutsura. Gaba ɗaya ake jefawa a baki, in ka yi nawa ya jiƙe ya fashe a hannunka, ga shi kafin ka haɗiye wani ya iso. Idanu na hawaye, hanci na zuba, amma ba mai barin layi. In ka gama kada ka yi gaggawar tafiya, miƙa kwanon ka ce sukha puri. Zai ba ka guda ɗaya busasshe, ba ruwan tsamiya, ba ko sisi. Su ma ashe sun san gyara.