Sharhi: Yaro ya haddace kuza a littafi, bai taɓa riƙe ta a hannu ba

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau kan 'yan sakandare ne, batun eskoshon, wato fitar da ɗalibai waje su gani da ido, da kuma firaktikal, wato gwaji da hannu, wanda a makarantu da yawa sunansa kawai ya rage a jikin taimtebul.

Ku tare duk wani ɗan JS1 ku tambaye shi a digiri nawa ruwa ke tafasa, ido rufe zai ce muku 100. To amma fa a nan Jos ba haka abin yake ba. Garin nan a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, nauyin iska bai kai na Legas ba, saboda haka in malam ya ɗora tukunya a risho ya tsoma ma'aunin zafi, ruwa zai fara ɓararraka tun wajen digiri 96, kuma ko an ƙara wuta ba zai kai ɗarin nan ba. Yara za su ce malam ma'aunin ne ya lalace, a kawo wani, shi ma ya tsaya a nan, sai gardama ta kaure a aji, to a cikin gardamar nan ne darasin zai shiga kai ya zauna. Nawa aka kashe? Kananzir na minti goma.

Shi ya sa in wani firinsifal ya ce ai babu kuɗin lab, na yarda da shi rabi, rabin kuma ban yarda ba. Eh, bureti da fifet, wato bututun gilashi na auna ruwan sinadari, da su kansu sinadaran kuɗi ne, kuma abin takaici ne a ce yaro ya kai SS3 bai taɓa riƙe bureti ba sai ana saura sati biyu WAEC, hannu na rawa, ya buɗe famfon da ƙarfi asid ya zuba gaba ɗaya, canjin kalar da ake jira ya wuce tun bai ankara ba. Wannan laifin masu makaranta ne da gwamnati. Amma zoɓo fa? A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofi biyu, ɗaya a matsa masa lemun tsami zai ƙara ja, ɗayan a zuba masa ruwan kanwa sai ya juye ya koma kore-kore mai duhu, shi ke nan ka nuna wa yara bambancin asid da kishiyarsa da kayan da ke kicin ɗin uwarsu, kuma wallahi da yamma sai sun je gida sun gwada, su ɓata wa mama zoɓon saidawa.

Ba yau aka fara wannan kuka ba. Da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an shigo da injinan koyon sana'a daga waje domin darasin Intro Tek, kuma manyanmu sun san labarin yadda wasu suka ruɓe a cikin akwatunansu, babu wuta, babu wanda ya iya haɗa su. A 2011 aka sake shigo da darussan sana'a cikin manhajar babbar sakandare, har guda 34, su kiwon kifi, gyaran waya, ɗinki, girki. Sai ga shi ana koyar da kiwon kifi da alli a allo. Yaro ya ci A1 a kiwon kifi bai taɓa kama tarwaɗa ba.

Yanzu mu zo kan fita, nan ne ma abin ya fi ba ni haushi, don ban san garin da Allah ya tara wa wuraren koyo kusa-kusa kamar Jos ba. Gidan tarihi na nan tsakiyar gari tun 1952, Bernard Fagg ne ya kafa shi, a ciki akwai kawunan yumɓu na Nok da suka haura shekara dubu biyu, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su daga ƙasa. A harabar wajen akwai inda aka gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, da ƙasa, yaro zai tsaya ƙarƙashin bakan gizon rufin ya ɗaga kai ya ga yadda magina suka ɗaure azara babu siminti babu rodi, ya shafa bango ya ji sanyinsa da rana tsaka. Akwai yaran Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos da kuɗin keke kawai ya raba su da wajen, kuma har sun gama sakandare ba su taɓa leƙawa ba, sai dai su ga 'yan makarantun wasu jihohi sun cika bas sun zo.

Ga Vom, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924, an kafa ta ne lokacin da cutar bushiya ke kashe shanu garke-garke, cutar da sai a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya, kuma har yau ana haɗa allurar rigakafin kaji da shanu a wajen. Ga Kurra, inda kamfanin NESCO ke samar da lantarki da ƙarfin ruwa tun zamanin Turawan kuza. Su Shere Hills da dutsen Riyom da Assop kuwa ba sai na faɗa ba. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ma darasi ne guda na jogirafi, me ya haƙa ramin, me ya sa tudun ƙasar gefensa ba ya fid da ciyawar kirki, yaya masu lambu ke jan ruwan su noma kabeji da karas da rani, kuma me ya sa iyaye ke hana yara wanka a ciki.

Amma ya ake yin eskoshon ɗin a yanzu? A turo wa iyaye takarda a ce a biya kaza, har da kuɗin riga mai tambarin makaranta, a cika bas, a sa kiɗa, a je gidan zu a yi hoto da biri, a ci shinkafa a tekawe, a dawo. Ka tambayi yaro me ka gano, ya ce zaki yana barci. Ni ban ce kada yara su ji daɗi ba, su ji mana, ai yara ne, sai dai malamin da ya san aikinsa tun ana saura kwana uku zai raba su rukuni-rukuni ya ba kowane rukuni tambayar da zai nemo amsarta, waɗannan su zana tukunya ɗaya su tambayi ma'aikacin wajen yadda aka gasa ta, waɗancan su auna kaurin bango da taku ko da igiya, in an dawo kowa ya tashi gaban aji ya yi bayani da bakinsa. A nan ne za ka ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ita ce ta fi kowa lura.

Batun kuɗin nan kuma, a ji tsoron Allah. Duk fitar da za a yi a bar rabin aji a gida don ubansu bai iya biya ba, washegari waɗanda suka je suna hira waɗanda ba su je ba sun sunkuyar da kai, gara a fasa ta a nemi ta kusa. Garejin bakanike na bayan makaranta waje ne na koyon fizik, kafintocin Katako za su nuna wa yaro amfanin kusurwa da awo fiye da allo, kasuwar Farin Gada kuwa a ba yara biro su bi farashin kwandon tumatir daga safe zuwa azahar su dawo su faɗa mana dalilin da ya sa ya sauka.

Na san abin da ke ran iyaye, tsaro. Tun satar ɗalibai da aka yi a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, ba uban da zai sa hannu a takardar tafiya hankalinsa kwance, mu kuma nan Filato mun san halin da wasu hanyoyinmu ke shiga. Gaskiyarku ne, Alhaji, gaskiyarki ne Hajiya. Saboda haka in takardar ta zo kada ku sa hannu kawai, kuma kada ku yage ta kawai. Ku je mitin ɗin PTA ku tambaya, ina za a je, wace hanya za a bi, mota ta wa, mutum nawa za ta ɗauka, malamai nawa ne za su bi, akwai malama mace tare da 'yan mata, waye zai ƙirga yara a tashi da dawowa, in wajen ruwa ne irin Assop waye zai tsaya bakin dutsen don santsi gare shi. A tashi da sassafe, a dawo kafin la'asar, lambar malamin da ke cikin motar tana wayarku.