Fodkas: Zainab da takardar da ta tsinta

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Anti Binta da Sadiq, kuma hirar tamu kan labarin da Sadiq ke rubutawa ne, na wata yarinya mata-maza 'yar shekara 14. Sadiq bismillah.

Sadiq: To Zainab dai an haife ta aka ce mace ce, haka ta taso, sai da ƙawayenta duk suka fara al'ada ita shiru, muryarta ta fara kauri, kafaɗa na buɗewa. Ashe iyayen sun sani tun tana jaririya likita ya ce akwai abin dubawa amma suka yi gum, rannan kawai ta tsinci takardar asibitin cikin kayan mamanta.

Hauwa: Anti ke da kike aikin jinya, hakan na faruwa da gaske?

Anti Binta: Sosai ma. Akwai wani sinadari a jiki, 5-alfa ridaktes, shi ke juya testosteron, wato sinadarin da ke kawo siffofin namiji, ya koma wani nau'i mai ƙarfi da ke siffanta al'aurar namiji tun a ciki. In babu shi sai jariri mai XY, wato mai ƙwayoyin halitta irin na namiji, ya fito da kamannin mace, in balaga ta zo testosteron ya ƙaru sai jiki ya fara sauyawa. Wata likita Julianne Imperato-McGinley ta yi rubutu a kai a 1974, kan wasu yara a Jamhuriyar Dominika. Amma fa ba duka iri ɗaya ba ne, akwai wanda matsalar daga halittar da ke saman ƙoda take, jaririn ya riƙa zubar da gishirin jikinsa, wannan in ba a kai shi asibiti da wuri ba rai ake magana.

Hauwa: Ni Sadiq inda nake da ja da kai uwar ce. Ka mai da ita muguwa wallahi. Matar nan tsoro ne ya hana ta magana, shekara 14 tana kwana da abin a ranta, tana gudun a mai da 'yarta abin nuni, kuma kai ko layi ɗaya ba ka ba ta ba ta yi kuka.

Sadiq: Amma Hauwa jikin wa? Na Zainab ne fa, kuma ita ce ta ƙarshen sani. Abin da ya fi ƙona mata rai kenan, ta zauna tana tuna duk wata ziyarar asibiti da aka ce mata ai ba komai.

Anti Binta: Dukkanku kuna da gaskiya, ku bar su biyun a shafi ɗaya su yi magana. Ni ƙarshen ne bai kwanta min ba, an yi tiyata shikenan kowa ya huta. Wa ya tambayi yarinyar? Ƙasar Malta tun 2015 ta yi dokar hana yi wa irin waɗannan yara tiyatar da za ta iya jira har sai sun kai su amince da bakinsu.

Sadiq: To ai Anti mai karatu zai so ya san mace ce ko namiji.

Anti Binta: Ya jira mana, ita ma ba ta gama sani ba. Kuma kar ka rubuta shi kamar wani sabon al'amari, malaman fiƙihu sun daɗe da magana kan huntha, wato mata-maza, har da gadonsa, a Malikiyya wanda lamarinsa ya rikice rabin kason namiji da rabin na mace ake haɗa masa. Kenya ma ta ƙidaya su a 2019, mutum 1,524.

Hauwa: Uban fa? Ka ɓatar da shi tun shafi na uku.

Sadiq: Zai dawo, shi zai kai ta wajen likita, kuma ina so a cikin mota ta tambaye shi ko zai canza mata suna, ban yanke amsarsa ba tukun.

Hauwa: To masu sauraro ku turo mana abin da kuke ganin ya kamata uban ya ce, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.